Ranar da Aka Zo Zaman Makokina

Litinin, 6 ga Fabrairu, da hantsi

Kai mai karanta wannan, ko ke, don na san halin jikokina, ba aljihun teburin da ya fi ƙarfinsu: tunda kun buɗe ba da izinina ba, sai ku biya ni da amsa. Ga kacici-kacici. Ba ya ci, ba ya sha, ruwan sama na dukansa shekara da shekaru bai taɓa ko tari ba, amma gida guda sun hana kansu nama da ɗumi don kada ya ji kunya. Mene ne? Kada ku leƙa ƙarshe. Na san sai kun leƙa.

Likita ce ta ce in riƙa rubuta abin da ke cina, wai zai sauke mini hawan jini. Na ce 'yar nan, ni Nonie Hehir ina shekara sha huɗu na bar makaranta, rubutuna sai ka ce kaza ta taka tawada. Ta ce ba komai, ba mai dubawa. Ba ta san gidanmu ba.

Jiya na ci abincin Lahadi a wurin ɗana Malachy, a saman shagon takalman da ubansa Packie ya bar masa. Wake na gwangwani a kan burodi. Ran Lahadi! Da kwat ɗina a jiki na ci, don sun kashe abin ɗumama gida. Matarsa Dervla ta ce, "Nana, a ƙara miki?" Na ce a'a, ki bar ni haka, kada in tashi sama a coci. Yaransu biyu suka yi dariya. Malachy bai ma ji ba. Yana kallon farantinsa kamar mai jiran ya ba shi shawara.

Alhamis, 9 ga Fabrairu, da yamma

Dervla ta zo wai kawo mini magani. Ba maganin. Ta zauna, ta riƙe kofin shayi har ya huce.

Abin da kowa ya sani shi ne, a shekarun da kuɗi ke yawo a ƙasar nan kamar ba gobe, banki ya yi ta bin Malachy da rance, ya karɓa ya faɗaɗa shago, ya sa babbar taga. Sai abubuwa suka kife. Yanzu iyaye su kawo yara ya durƙusa ya auna musu ƙafa, su ce sun gode, su fita waje su saya ta intanet a waya. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Abin da ban sani ba, Dervla ta je garin Ennis a ɓoye, ofishin da ake ba masu bashi shawara kyauta. Matar wurin ta duba komai ta ce ko Malachy zai kai shekaruna yana biya, ruwan bashin kawai yake kwalfa, uwar kuɗin tana nan. Ta ce akwai hanya: ya je kotu ya ce ya karye. A karɓe ginin, a sa sunansa inda kowa zai gani, a sa masa ido kan kowane yuro, ba mai ba shi rance. Amma bayan shekara guda a sake shi ya numfasa.

A zamaninmu wanda aka yi wa haka, shekara sha biyu yake ɗaure, mutane su gan shi su tsallaka titi.

Na ce, "Shi me ya ce?"

Ta ce, "Ya ɗauko littafin mutumin nan ya ajiye mini a gaba."

Mutumin nan shi ne na rediyo, na safiyar Asabar. Ni Sarkin Wake nake kiransa. Murya kamar man shanu. Ka yanka katin banki, ka sayar da mota, ka ci wake yau ka ci nama gobe, mai mutunci ba ya gudun bashinsa. Shekara uku ke nan ɗana na cin wake. Goben ba ta zo ba.

Dervla ta ce, "Nana, ba ginin nake jin tsoron rasawa ba." Ta tsaya nan. Na san ɗana take nufi.

Asabar, 11 ga Fabrairu, da safe

Na buga wa gidan rediyon waya. Wata yarinya ta ɗauka, ta ce mece ce tambayata. Na ce ki tambayar mini shi, a cikin masu bin maganarsa, waɗanda suka yi shiru suka daina bugo waya, ina suka shiga? Ta ce za su kira ni. Na zauna kusa da waya da sabuwar rigata har shirin ya ƙare.

Laraba, 15 ga Fabrairu, da azahar

Attracta Talty, maƙwabciyata, abokiyar faɗana tun muna 'yan mata, ta shigo aron sukari da kofi mai cin rabin buhu. Na ce mata Sarkin Wake ɗan damfara ne. Ta ce ƙarya nake, 'yar ƙanwarta ta bi littafinsa tsaf, ta fita daga bashin kati cikin shekara biyu, har ta yi aure.

To, gaskiya ce, na ga yarinyar. Amma ita jakunkuna ta saya da tafiya hutu. Wanda ya faɗa kwata a ce masa ya tashi ya kakkaɓe, daidai ne. Wanda ya faɗa teku fa? Shi ma kakkaɓewa zai yi? Mutumin yana ba kowa magani ɗaya, bai taɓa ganin fuskar mara lafiya ba.

Attracta ta ce, "Ke dai ba kya son wake." Sai ta juya kofin a hannunta, ta ce ɗanta Cathal, mai gyaran rufi, aiki ya yi masa wuya bana. Shi ya yi wa shagonmu sabon rufi, kuma na san ba a gama biyansa ba. Na cika mata kofin har ya yi tozo.

Talata, 21 ga Fabrairu, da hantsi

Na shiga shago na ce takalmina na matsa ni. Ƙarya ce, lafiyarsa lau. Malachy ya durƙusa ya kama ƙafata kamar yadda ubansa ya koya masa, babban yatsa a kan hancin takalmi. Hannunsa na rawa. Ashe tun asuba yake raba burodi a motar wani kafin ya zo ya buɗe. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa, da ƙusa, a karkace.

Na ce, "Ɗan nan, in iska ta taso ka riƙe kantar shago, kada ta ɗauke ka."

Ya ce, "Mama, takalmin nan ba abin da ya same shi."

"Ni ce da ƙafar ko kai?"

Ya yi ɗan murmushi. Sai na ce Dervla ta gaya mini. Murmushin ya tafi. Ya ce labulen tagar nan tun da Baba ya buɗe shago ba a taɓa sauke shi da rana a ranar aiki ba sai in gawa za ta wuce, ko an yi rasuwa a gidanmu, kuma ba shi zai fara ba. Ya ce, "Banki bai dame ni ba, Mama. Cathal fa? In na je kotu ɗan abin da zai samu bai kai kuɗin ƙusoshinsa ba. Da wane ido zan kalle shi a coci?"

Na sayi igiyar takalmi da ba na bukata.

Lahadi, 26 ga Fabrairu, bayan coci

Bai zo coci ba. Ba ya gida. Ya bar wayarsa da agogon ubansa a kan tebur.

Lahadi, da la'asar

An same shi. Yana nan lafiya. Ba zan rubuta inda aka same shi ba. Wani manomi ne ya ga mutum a zaune tun safe ya je ya zauna kusa da shi. Ban san sunansa ba. Allah ya san shi.

Talata, 28 ga Fabrairu, da hantsi

Yana gidana, a ƙaramin ɗaki. Dervla na tsaron shago, ta ce wa mutane mura ce. Likita ta zo, ta daɗe a wurinsa, za ta riƙa dawowa. Na zare igiyar wayar gida daga bango, don masu neman kuɗi sun gano lambata, kuma duk ƙarar waya sai in ga kafaɗarsa ta ɗaga.

Yana barci. Ina leƙawa. Yana barci. Na sake leƙawa.

Alhamis, 2 ga Maris, da yamma

Na dafa masa naman rago da dankali da kabeji, na tsaya a kansa. Ya ci cokali uku ya ce ya ba Baba kunya.

Na ce, "Wane Baban? Packie? Zauna in ba ka labari. Ubanka ya tsani ƙafafun mutane."

Ya ɗago.

"Wallahi. Shekara arba'in yana durƙusa gaban safar manoma, ya hau sama ya wanke hannu har gwiwar hannu yana zagin kakanninsu. Shi jirgin kamun kifi ya so. Ruwa ne bai karɓe shi ba, da ya hau sai amai. Ya buɗe shago ne don ka ci ka ƙoshi, kai da ƙumatunka kamar na ɗan maraƙi. Yanzu ka juya abin, kana hana 'ya'yanka ci don shago ya ƙoshi. Da zai tashi ya gan ka da bel ɗin nan, da takalmin roba zai bi ka har bakin titi."

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Na riƙe kansa. Ya yi furfura a inda ban sani ba. Shekara hamsin da ɗaya, amma ƙeyarsa ita ce dai ta da.

Ya cinye naman.

Lahadi, 5 ga Maris, da safe

Ban je coci ba, ba zan bar shi shi kaɗai ba. Ya ce zai je Ennis ran Talata, shi da Dervla, tunda su biyu suka sa hannu a rancen. Ya ce daga ranar shagon ba zai sake buɗewa ba. Bai kalle ni ba da ya faɗa. Na ce to, miƙo mini gishiri.

Laraba, 8 ga Maris, da hantsi

Jiya na mutu. Bari in ba ku labari, don ba kowa ke samun wannan dama ba.

Da sassafe Malachy da Dervla suka sauke labulen shago suka kama hanya, ba su manna ko 'yar takarda a ƙofa ba. Yanzu ku haɗa da kanku yadda garin ya haɗa. Nonie ba ta zo coci ba. An ga motar likita a ƙofarta, har shekaranjiya. Wayarta ba ta shiga. Labulen Hehir a ƙasa ran Talata, an buga ƙofar sama ba kowa. Attracta ba ta jira ƙarin bayani ba. Kafin azahar rabin garin na yanka burodin zaman makokina.

Ni kuwa ina kan kujerata gaban murhu, bargo har wuya, carbi a hannu, barci ya sace ni. Sai na ji an turo ƙofa a hankali, ana raɗa. Na gane muryoyin. Na so in buɗe ido, sai na ce kai, bari dai.

Attracta ta ce, "Wayyo, ko shimfiɗa ta ba su yi ba. Dube ta. Kamar mai barci."

Wata ta ce, "Mace mai kirki."

Attracta ta ja hanci ta ce, "Bakinta dai kamar almakashi. Amma da mijina ya rasu ita ta kwana da ni wata guda." Ta fashe da kuka na gaske. Ta matso ta gyara mini gashi, ta ce, "Ko a yau ba ta taje shi ba."

Na ce, "Attracta, rufe ƙofa, iska na shigowa."

Farantin ƙwai da ta shigo da shi ya tafi sama. Har yanzu ina tsintar ƙwai a bayan rediyo. Da ta dawo hayyacinta ta kai mini duka da jaka, tana cewa, "Muguwa! Ko mutuwa ba za ki yi kamar mutane ba!"

Ba mu gama ba sai ga sauran. Kek, burodi da nama, tukunyar miya, kujeru daga zauren coci. Sai ga Mungovan, mai mashaya kuma mai binne gawar garinmu, da baƙar kwat, fuska a ɗaure. Ya dube ni ya sauke ajiyar zuciya. Na ce ashe kana ƙaunata haka. Ya ce, "A'a, Nonie, na ɗauka an kai aikin binne ki garin gaba ne. Shekara talatin ina jira."

Aka yi dariya har da hawaye. Sai wani ya ce, to in ba ita ba ce, me ya sauke labule?

Cathal na tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu, uwarsa ta aike shi da kujeru. Maganar ba tawa ba ce da zan faɗa. Na ce, "Ku zauna. An yi rashi, ba ku yi kuskure ba. Masu rashin na hanya. A ɗora ruwan shayi."

Da la'asar suka dawo. Malachy ya buɗe ƙofa ya ga garin gaba ɗaya a ɗakina. Fuskarsa ta koma kamar toka, ya ja baya. Dervla ta riƙe hannun rigarsa.

Na ce, "Shigo, ɗan nan. Sun zo binne ni, na ƙi. Ka faɗa musu da bakinka, ko in faɗa da nawa, ka kuma san nawa ba ya da birki."

Ya tsaya. Ya ce, "Shagon ya mutu. Na sa hannu yau. Za a kai ni kotu a ce na karye. Akwai waɗanda ke bina a ɗakin nan da ba zan iya biya ba." Ya dubi Cathal. "Ku yi haƙuri."

Butar shayi kawai ke kuka.

Sai Mungovan ya tashi, ya gyara kwat, ya taka a hankali irin takunsa na gaban gawa, ya kama hannun Malachy da hannu biyu ya ce abin da muke cewa: "Sannu da rashi." Ya matsa ya kama na Dervla. Ban san wanda ya bi bayansa ba, na dai ga an yi layi. Ba wanda ya shirya shi, ƙafafunsu ne suka san hanya. Ɗaya bayan ɗaya, sannu da rashi, sannu da rashi. Wannan ta ce a wurinsa ta sayi takalmin aurenta. Wancan ya ce takalmin robar da ya sayar masa ya fi aurensa ƙarko. Wata da ke auna ƙafar 'ya'yanta ta fita ta saya a waya, ta kama hannunsa ta kasa magana. Na gan ta. Na bar ta.

Cathal bai shiga layin ba. Ya sa hularsa ya fita.

Aka ci, aka sha, aka yi ta labarin Packie. Malachy ya ci kek har yanka uku.

Asabar, 11 ga Maris, da safe

Ban kunna rediyo ba. Malachy ne ya kunna, ya saurara kaɗan, ya ce, "Ba duk ƙarya yake ba, Mama. Kawai ba da ni yake ba." Ya mayar tashar kiɗa.

Ba a ce an huta ba. Ginin zai tafi. Su huɗu za su tare a gidana mai ɗaki biyu, kuma jikata ta riga ta ce ina minshari. Na ce gidan ubanki, au, na manta, ba shi da shi. Dervla ta zaro ido. Malachy ya yi dariya har ya ƙware. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Attracta ba ta zo aron sukari ba tun ranar.

Litinin, 20 ga Maris, da yamma

Da safe muna kwashe kaya daga saman shago, sai ga motar Cathal da dogon tsani. Attracta na gaba, ta haɗe rai. Ya sauko bai gaishe da kowa ba. Ya ce wa Malachy, "Da ka gaya mini tun bara, da ban ci bashin motar nan ba. Abin da ya ƙona ni ke nan. Ba kuɗin ba, shirun."

Malachy ya ce, "Gaskiyarka."

"Ban huce ba fa."

"Na sani."

"To riƙe mini tsanin, kada in faɗo in ƙara da kuɗin asibiti."

Ɗana ya riƙe da hannu biyu. Hannun bai yi rawa ba, na duba. Attracta ta matso kusa da ni ta ce ba don ni ta zo ba. Na ce na sani, sukarinki ne ya ƙare.

To, masu leƙe, ga amsarku. Allon saman ƙofar shago ne, mai sunan Packie Hehir da ɗansa. Matar Ennis ta ce mu ɗauke abinmu, ba mai sayensa. Katako ne da koren fenti. Da Cathal ya sauko da shi, bayansa duk ya ruɓe, ƙusa biyu ke riƙe da shi. Yana bayan gidana, jingine da rumbun gawayi.